Nazarin dokokin Nijar a jami'a: tambayoyi da amsoshi

Tun da aka kafa jami'a a Tawa a shekarar 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan masanin tarihi Djibo Hamani, samari da ƴan mata na Adar suka sami damar karanta doka ba sai sun tafi Yamai ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai masu shirin rubuta kundin kammala karatu suka fi yi mini, wasu kuma daga iyayensu suke fitowa, waɗanda suke son sanin abin da ƴaƴansu suke karantawa da kuma inda zai kai su.

Mene ne nazarin doka, kuma da me ya bambanta da aikin alƙali ko lauya?

Alƙali yana da shari'a guda a gabansa, dole ne ya yanke ta, lauya kuma yana da wanda yake karewa. Mai nazari ba shi da ɗaya daga cikin waɗannan nauye-nauye, saboda haka yana iya tara hukunce-hukunce ɗari a kan gado ko jinginar gona, ya jera su, ya duba inda alƙalai suka daidaita da inda suka saɓa wa juna, sannan ya bi sawun dalilin saɓanin. A Nijar masu wannan aiki kashi biyu ne, kuma ba kasafai suke zama a tabarma ɗaya ba. Akwai malaman tsangayoyin doka, waɗanda suke sharhin nassin dokar da hukuncin manyan kotuna, akwai kuma masana zamantakewa da tarihi, waɗanda suke zuwa ƙauye su zauna a zauren mai gari su ga yadda ake raba gardama. A ganina ɗalibin da ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya rabin karatu ya yi.

Daga ina dokokin Nijar suka samo asali?

Daga wurare uku. Na farko shi ne dokokin Faransa da aka gada daga mulkin mallaka. Kundin dokokin farar hula da ake aiki da shi asalinsa na Faransa ne na 1804, kamar yadda yake a lokacin samun ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, kundin laifuffuka kuwa an kafa shi ranar 15 ga Yuli 1961, shi ma a kan tsarin na Faransa. Na biyu shi ne al'adun jama'a, na Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Abzinawa da Barebari da Tubawa da sauransu. Na uku shi ne fiƙihun mazhabar Malikiyya, wanda ya daɗe a ƙasar nan ƙarni da yawa kafin zuwan Turawa.

Rabon aiki tsakanin waɗannan ukun Turawan mulki ne suka tsara shi. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta kafa kotunan ƴan ƙasa a yankin Afirka ta Yamma da Faransa take mulki, inda ake shari'a da al'ada a ƙarƙashin idon kwamanda. A 1946 aka soke aikin tilas da hukuncin da kwamanda yake yankewa ba tare da kotu ba, aka kuma mayar da shari'ar laifi gaba ɗaya ƙarƙashin dokar Faransa. Abin da aka bar wa al'ada shi ne aure da gado da gona, kuma har yau a nan iyakar take.

Shin da gaske ne alƙalin gwamnati yana hukunci da al'ada?

Da gaske ne, kuma doka ce ta umarce shi. Dokar 16 ga Maris 1962 mai tsara kotuna ita ce ta fara faɗin haka, dokar 22 ga Yuli 2004 ta maimaita, sannan ta 1 ga Yuni 2018 ta riƙe ƙa'idar. A kan aure da saki da nasabar ɗa da gado da kyauta da wasiyya, da kuma mallakar filin da ba a yi masa rajistar gwamnati ba, alƙali yana aiki da al'adar masu shari'a, muddin ba ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta amince da su ba, ko dokar ƙasa, ko ƴancin mutum. Idan al'adun ɓangarorin biyu suka bambanta, dokar ta faɗi wadda za a bi: a aure da saki ta matar idan ƴar Nijar ce, a gado ta mamacin, a kyauta ta mai bayarwa. Alƙali yana zama da mashawartan al'ada biyu, galibi dattawa ko malamai, amma shawara kawai suke bayarwa, hukunci nasa ne.

Wanda bai taɓa shiga irin wannan zama ba zai yi zaton abin mai sauƙi ne. Na taɓa halartar wani zama a wata ƙaramar kotu ta cikin jihar nan, inda alƙalin saurayi ne da aka turo daga yammacin ƙasa, Hausarsa ba ta nuna ba. Wata tsohuwa tana neman rabon ƴarta a gonar mahaifin yarinyar, ƴan uwan mamacin suna cewa a garinsu mace ba ta gadon ƙasa, sai dai a ba ta damma daga abin da aka noma. Alƙali ya juya ga mashawarcin da ke damansa, wanda malami ne, ya ce: "Allah gafarta malam, me al'ada ta ce?" Malamin ya amsa da cewa namiji yana da rabon mata biyu, matar mamaci kuma tana da tumuni idan akwai ɗa. Ɗaya dattijon da ke hagu ya gyara zama ya ce: "Ranka ya daɗe, wannan littafi ne ya faɗa, amma mu kakanninmu ba su raba gona da mace." Duka biyun gaskiya suka faɗa gwargwadon abin da aka tambaye su, kuma a wannan tazarar da ke tsakanin dama da hagun alƙali mafi yawan binciken dokar iyali a Nijar yake gudana.

To, ita al'adar a rubuce take a wani wuri?

Ba a taɓa mayar da ita kundi ba. A 1939 hukumar mulkin mallaka ta buga littattafai uku da suka tattara al'adun shari'a na yankin, kuma na ukun ya haɗa da Nijar, amma jami'an mulki ne suka rubuta su ta bakin tafintoci da sarakuna, saboda haka abin da ke ciki ya fi nuna abin da masu iko suka so a rubuta. Suna da amfani ga mai tarihi, ba a kafa hujja da su a matsayin al'adar yau.

A hukunce-hukuncen kotu za ka ga an rubuta cewa masu shari'a suna bin al'adar Hausa wadda Musulunci ya shiga, kuma wannan ƴar jimla ita ce ƙofar da fiƙihu yake bi ya shigo kotun da ba ta addini ba. Wani alƙali ɗan ƙasa, Abdourahaman Chaïbou, ya buga maƙala a 1998 inda ya nuna cewa kotunan Nijar sun fara ambaton abin da suka kira al'adar birni, wato wata sabuwar al'ada ta mazauna birane wadda ba ta kowace ƙabila ba ce. Wannan ya tayar da tambayar da har yanzu ba a gama amsa ta ba, wato ko alƙali gano al'ada yake yi ko ƙirƙirar ta yake yi da alƙalaminsa.

Me ya sa ba mu da kotunan shari'ar Musulunci kamar maƙwabtanmu na Najeriya?

Domin Ingila da Faransa ba hanya ɗaya suka bi ba. Ingila ta bar alƙalan sarakunan Arewa a kan kujerunsu, daga baya kuma jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, wasu jihohi suka bi ta. Faransa ba ta yarda da fiƙihu a matsayin doka mai cin gashin kanta a nan ba, ta saka shi ne a cikin al'ada, kuma gwamnatocin bayan ƴancin kai suka bar shi a haka. Duk da haka mutane da yawa ba sa fara zuwa kotu, suna zuwa wurin limami ko malamin unguwa, a Yamai kuma ofishin Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wadda aka kafa a 1974, ya daɗe yana sasanta ma'aurata da magada.

Ta fuskar ilimi kuwa ƙasar nan ba baƙuwar fiƙihu ba ce. Almagili ya bi ta Takadda da Abzin a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi a Maratta kusa da Galmi a 1754, cikin jihar Tawa ta yau, ya kuma yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru a Agadas. Almajirin zaure har yanzu yana tashi daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, mai nisa ya kai Muhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkami, wadda ita ce littafin alƙalai. Jami'ar Musulunci ta Sayi tana koyar da shari'a da doka, Cibiyar Binciken Kimiyyar Ɗan Adam ta Yamai kuma tana ajiye dubban rubuce-rubucen Larabci da na ajami waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa. Abin takaici shi ne mai digirin doka na Faransanci ba ya iya karanta su, mai iya karanta su kuma sau da yawa bai san tsarin kotu ba.

Me ya hana a kafa kundin dokar iyali?

An gwada ba sau ɗaya ba. Tun zamanin Seyni Kountché Ƙungiyar Matan Nijar take neman sa, an fito da daftari a farkon shekarun 1990 wanda ƙungiyoyin addini suka yi wa ca, an sake gwadawa a 2011 aka janye. A 1999 Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana nuna wa mata bambanci, amma ta keɓe wasu sassa da suka shafi aure da iyali, a 2006 kuma majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka. Sakamakon haka shi ne kundin farar hula ya ce namiji ba ya aure sai ya cika shekara 18, mace 15, alhali mafi yawan aure a ƙasar nan ba a ƙarƙashin wannan kundi ake ɗaura shi ba. Mai son fahimtar tushen gardamar zai amfana da aikin Barbara Cooper na 1997 a kan aure a Maraɗi, domin ta nuna yadda sadaki da kayan ɗaki da kulle suka yi ta sauyawa cikin ƙarni guda, alhali kowane zamani yana rantsuwa cewa haka aka gada.

Wane fanni ne aka fi yin bincike a kansa?

Ƙasa, wato gona da makiyaya da rijiya, kuma ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda kaka take zuwa da rigimar ɓarna. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, wadda ta ratsa jihar Tawa, inda abin da ke bayanta na makiyaya ne, amma fari da yawan jama'a sun daɗe da tura gonaki suka tsallake ta. A 1974 Kountché ya yi shelar cewa gona ta mai nomanta ce, abin da ya faranta ran masu aro ya kuma dasa gardamar da jikokinsu suke ci gaba da ita. Bayan kashe-kashen Toda a jihar Maraɗi a 1991, inda mutane fiye da 100 suka rasa rayukansu, aka fitar da dokar karkara ranar 2 ga Maris 1993. Ita ce ta daidaita mallakar gargajiya da ta takarda, ta kafa kwamitocin filaye, sannan dokar 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin kai da kawowa da dabbobinsu.

Christian Lund, wanda ya yi bincikensa a jihar Damagaram ya buga shi a 1998, ya gano wani abu da ya kamata kowane mai rubuta doka ya sani. Tun kafin dokar karkara ta fara aiki, jin labarin cewa za a rubuta gonaki ya sa mutane suka tono tsofaffin rigingimu, kowa yana so ranar rubutu ta same shi a kan gonar, kuma wanda sarki ya kayar sai ya tafi wurin hukumar mulki, wanda hukuma ta kayar ya nufi kotu, babu hukuncin da yake zama na ƙarshe.

A nan kalma ɗaya tana iya cinye gona. Aro daban, haya daban, jingina daban, saye daban, amma bayan shekara arba'in, shaidu sun rasu, wanda kakansa ya karɓi jingina yana cewa saye ne, wanda kakansa ya bayar yana riƙe da kuɗin fansa a hannu. Sarakunan gargajiya, waɗanda dokar 13 ga Janairu 2015 ta tsara matsayinsu, ikon sasantawa suke da shi, kuma ana so su rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. Ɗalibin da ya tattara irin waɗannan takardu na kanto ɗaya na shekara goma ya karanta su da kyau ya fi wanda ya kwafi ra'ayoyin malaman Faransa shafi ɗari.

Wace shari'a ce daga jihar Tawa ta fi shahara a wurin masana?

Shari'ar Hadijatou Mani. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12 a kan jaka 240 a yankin Ƙwanni, a ƙarƙashin al'adar wahaya, inda mutum yake ɗaukar mace bayan matansa huɗu ba tare da ɗaurin aure ba. A 2005 ubangidan nata ya ba ta takardar ƴanci amma ya ce har yanzu matarsa ce, da ta auri wanda take so kuma aka yanke mata wata shida a gidan kaso bisa laifin aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta maganar ta kai kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa an bautar da ita kuma hukumomin ƙasa ba su kare ta ba, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Abin da ya sa masana suke komawa kanta shi ne tun 2003 dokar laifuffuka ta haramta bauta, amma aka ci gaba da kallon maganar a matsayin rigimar aure ta al'ada. A 2019 kotun ƙolin ƙasar ta bayyana cewa wahaya ba ta halatta ba. Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, tambayar inda irin wannan ƙara za ta je nan gaba ta zama abin bincike ita ma.

Nazarin tsarin mulki fa, tun da yana yawan sauyawa?

Yawan sauyawar shi ne abin nazarin. An yi tsarin mulki a 1960, da 1989, da 1992 bayan babban taron ƙasa na 1991, da 1996, da 1999, da 2009, da 2010. Shekarar 2009 ita ce ta fi ba masana abin rubutu, lokacin da kotun tsarin mulki ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye ta soke kiran ƙuri'ar raba gardama ta tazarce ranar 12 ga Yuni, shugaba Mamadou Tandja kuma ya rusa kotun a ƙarshen watan. An dakatar da tsarin 2010 ranar 26 ga Yuli 2023, a Maris 2025 kuma aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa.

Dokar kasuwanci ma ta Nijar ce?

Mafi yawanta ta haɗin gwiwa ce. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis ranar 17 ga Oktoba 1993, kuma ƙarar ƙarshe a kan dokokinta Abijan take zuwa. Wannan fanni ya fi jan ɗalibai saboda bankuna da kamfanoni suna ɗaukar masu shi, ko da yake babban ɗan kasuwar Ƙwanni ko na Tawa yana iya ba da bashin miliyoyi da baki da shaidu biyu, abin da ba a yi masa nazarin da ya kamata ba.

Wane mataki ake bi a zama malamin doka?

Shekara uku na digirin farko, biyu na digiri na biyu, sannan digirin digirgir, a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko a waje. Ƙarin girma yana bi ta hukumar CAMES ta haɗin gwiwar ƙasashen Afirka a kan ilimi mai zurfi, wadda aka yanke shawarar kafa ta a Yamai a 1968 kuma mazauninta yake Wagadugu. Alƙalai kuwa makarantarsu ta horo daban take.

Ina mai bincike zai sami kayan aiki?

Dokoki suna fitowa a jaridar gwamnati, wasu hukunce-hukuncen manyan kotuna suna kan intanet a rumbun Juricaf, cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL da ke Yamai kuma, wadda aka kafa a 2001, tana sakin rahotanninta kyauta, ciki har da ayyukan Mahaman Tidjani Alou a kan yadda gidajen shari'a suke gudana a zahiri. Takardun zamanin mallaka suna rarrabe tsakanin ma'ajiyar tarihi ta Yamai da ta Dakar da ta Aix-en-Provence a Faransa.

Hukunce-hukuncen ƙananan kotuna, inda al'ada take rayuwa, sai mutum ya je da ƙafarsa. Na taɓa yin mako biyu ina jiran izinin duba rajistar wata kotu, da magatakarda ya buɗe mini ɗakin ajiya sai na tarar da littattafan a ɗaure da igiya a ƙasa, gara ta cinye gefen na shekaru uku, daidai inda ake rubuta dalilin hukunci. Ya ce mini: "Malam, ka yi haƙuri, damina ce ta shigo ta rufi." Na kwafi abin da ya rage da hannu. Ina shawartar ɗalibi ya nemi izini a rubuce tun da wuri, ya kuma sakaya sunayen masu shari'a a kundinsa, domin maganar saki da gado asirin gidajen mutane ce.

Ana iya rubuta nazarin doka da Hausa?

Kundin Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, amma dokoki da hukunci da darussan tsangaya har yanzu da Faransanci suke. A zauren kotu manomi yana magana da Hausa, tafinta yana juyawa, magatakarda yana rubutawa da Faransanci, kuma abin da kotun ɗaukaka ƙara za ta karanta shi ne na magatakarda. Hausa ba ta rasa kalmomin shari'a ba, tana da da'awa da shaida da rantsuwa da sulhu da diyya da idda da hul'i da takaba, ga burtali da mashaya da gandu da gamana, waɗanda Faransanci ba shi da takwarorinsu daidai. Inda take da giɓi shi ne dokar mulki da ta kamfanoni, kuma a nan ma kalmomin da gidajen rediyon Yamai suke amfani da su ba koyaushe suke daidai da na Kano ko Sakkwato ba, tun da mu daga Faransanci muka aro, su daga Ingilishi. Aikin da zan so wani ɗalibin Tawa ya ɗauka shi ne ya zauna a kotu wata uku da izinin shugabanta, ya rubuta abin da masu shari'ar gona suka faɗa da bakinsu, sannan ya ajiye shi kusa da abin da aka rubuta a rajista, ya ƙidaya sau nawa jingina ta shiga da sunanta ta fito da sunan saye.